Ƙafar Hankaka a Wilin Kabon

Ranar da Ɗantsoho ya sayar da babur ɗinsa bai bari labarin ya kwana ba. Kafin la'asar ya zagaye majalisun unguwarsu a Daura yana shelar cewa shi da gidan mai sun raba gari, kuma duk wanda ya sake ganinsa a layin fetur ya tofa masa yawu, ya yafe duniya da lahira. Keken tsere zai koma hawa, irin na mutanen nan masu matsattsun wanduna da ya gani a waya suna wuce motoci. Kuma ba da kowane irin wili ba, sai na kabon.

Babu wanda ya san mene ne kabon a majalisar, shi ma shekaranjiya ya fara jin sunan, amma hakan bai hana shi bayani ba. Ya ce wani abu ne da ya fi ƙarfe ƙarfi, ya fi karan dawa rashin nauyi, da shi ake ƙera jirgin sama, kuma in ka taka feda sau ɗaya a Daura, sai dai ka fara neman birki a Dutsi.

Ɗantsoho dillalin raguna ne, kuma a faɗarsa babu mai ido irin nasa daga Daura har bakin iyaka. Yakan ce ko ta bayansa rago ya gifta zai faɗi shekarunsa da abin da ya ci jiya. Tsakani da Allah yana da ido daidai gwargwado, sai dai bakinsa ya fi idon gudu, ga shi da makara. Tsohon babur ɗin nan in an sami mai ba ya tashi, in ya yarda zai tashi babu mai. Sau da yawa sai rana ta take, an gama tsince ragunan kirki a kara, sannan a hango shi yana turo abinsa yana zufa yana tsine wa bakanike.

Ubangidansa Alhaji Dabo, wanda ke lodin raguna zuwa kudu, mutum ne mai haƙuri, amma layya ta matso kuma haƙurin ya fara ƙarewa. Yana da wata jar igiya doguwa da yake damƙa wa mai yi masa sayayya. Duk kasuwar da aka ga mutum da igiyar nan a kafaɗa, an san da bakin Alhaji yake magana, dillalai su buɗe masa hanya. Shekaru igiyar tana kafaɗar Ɗantsoho, kuma da sayayyar layya gidansa ke cin tuwon shekara. To bana Alhaji ya kira shi a gaban mutane ya gaya masa, cikin sanyin murya, cewa yana son mai sammako da mai ido, in ba a samu su a jikin mutum ɗaya ba zai duba wajen Sabiru. Sabiru kuwa abokin hamayyar Ɗantsoho ne tun ƙuruciya, siriri, marar yawan magana, irin mutanen da ke yi maka murmushi kana ba da labari har ka fara shakkar labarin da kanka.

Da wani ne, da ya ce to ya sunkuyar da kai. Ɗantsoho sai ya gyara zaman hula.

"Alhaji, makara ta ƙare. Tunda kuma ana maganar ido, ka jira ka ga wilin da zan zaɓo. In ya ba ni kunya a kasuwar Dutsi mai zuwa, ni da hannuna zan sauke igiyar nan in miƙa wa Sabiru."

Alhaji ya ce ya ji, jama'a ma sun ji. Sabiru ya yi murmushi.

Keken ɗan Kwatano ne, a hannun wani malamin makaranta ya saye shi, kuma lafiyarsa ƙalau. Ƙahonsa a lanƙwashe kamar na rago, abin da ya fara sace zuciyar Ɗantsoho ke nan. Wilinsa na alminiyon ne, garau, babu ko gocewa. Amma da ya ji cewa da alminiyon ake yin tukwane, sai ya rantse ba zai hau tukunya ya shiga kasuwa ba. Matarsa Talatu ta zagaya keken ta duba gaba ta duba baya, ta tambaye shi a ina za ta riƙa zama in za a kai ta unguwa, tunda babu kariya. Ya ce mata wannan keken ba na kai mata unguwa ba ne, na maza ne masu abin yi. Ta ce Allah ya ba maza sa'a, ta koma kan tsintar shinkafarta.

Washegari ya cire wilin biyu ya ɗaure, ya hau mota sai Kano, wajen wani Anwar mai sayar da kayan kekunan tsere a wani ƙuntataccen shago. Anwar shi ma mahayi ne, don haka kafin ya sauko da kaya sai ya fara tambaya: wace irin hanya ake bi, akwai rairayi, ana ɗaukar kaya, mai keken nawa ne nauyinsa. Ɗantsoho ya ji tambayar ƙarshen nan ta yi masa tsaye, ya ce shi ya zo sayen wili ne ba awon ciki ba.

Anwar ya duba wilin alminiyon da aka zo da su, ya gaya masa gaskiya cewa a hanyoyin Daura waɗannan sun fi masa komai. In kuma lallai sai kabon, to ga wasu nan. Ya sauko da wasu masu gajeren baki, masu faɗi, wayoyinsu da yawa, baƙi wuluk babu ƙyalli. Ya ce an san kamfanin da ya yi su, suna jure rami, kuɗinsu bai kai na manyan ba, kuma in suka tsage ba da laifin mahayi ba ana canza su. Cikin masu sauƙin kuɗi, in ji shi, babu wanda zai daɗe kamar su.

Ɗantsoho yana ji yana gyaɗa kai, amma idonsa na can ƙuryar shago. A bayan wasu kwalaye ya hango wasu wilin masu zurfin baki, faɗinsa ya kai tafin hannu, suna sheƙi, an rubuta musu manyan haruffa ruwan zinariya. A take ya gane wasan, don shi ma yana yi. Dillalin da ya dage yana yabon ramammen rago so yake ya rabu da shi, na kirkin kuwa a bayan turke ake ɓoye shi. Ya ce a fito da na ƙuryar.

Anwar ya ce waɗannan wani ne ya kawo a sayar masa, babu wanda ya san inda aka yi su, rubutun jikinsu ma manna shi aka yi, shi ya sa suka fi araha, kuma in an fita da su babu dawowa. Kowace kalma ya faɗa sai ta ƙara tabbatar wa Ɗantsoho cewa ya kama mutumin. Ya tsuguna ya fara aiki. Ya ƙwanƙwasa bakin wilin da yatsa ya kara kunne. Ya matsa shi da tafin hannu kamar mai taɓa ƙirjin rago. Ya ɗaga ya jinjina, ya leƙa cibiyarsa kamar mai duba haƙora, har sansana shi ya yi.

"Wannan ya sha kiwo," in ji shi. "Wancan naka kuwa fari ya ci shi. Dubi bakinsa, ko yatsa biyu bai kai ba."

"Baba, ba a sayen wili da ƙiba."

"Yaro, ina sayen abu mai ƙafa tun ba a haife ka ba."

Aka yi ciniki irin na kara, da tashi da dawowa da rantse-rantse, har Ɗantsoho ya ɗora wilinsa na alminiyon a kai aka rage masa. Ya fito yana jin ya yi wa Bakano wayo. Anwar ya biyo shi bakin ƙofa ya ba shi wasu 'yan robobin birki, ya ce lallai a cire na da a sa waɗannan, don na da suna cin kabon. Ya ƙara masa da cewa kada a yi lodi, kuma ko kusa kada wuta ko zafi mai tsanani ya taɓa wilin, domin zare ne aka haɗa da danƙo. Ɗantsoho ya jefa robobin a aljihu a matsayin gyara. Maganar danƙo kuwa ya mayar da ita abin ba'a, har a gida sai da ya ba da labarinta, don ya san baƙin cikin mai kaya ne da aka raba shi da abin ɓoyonsa. Da ya isa gida ya ga robobin sun yi daidai da ƙafar gadon da ke rawa, sai ya cusa su a ƙarƙashi, gado ya zauna daram.

Da safe ya kai keken wajen Zailani mai faci, mutane suka taru kamar an kawo kura. Bawul ɗin wilin dogo ne siriri, bakin injin Zailani ya ƙi kama shi, sai da aka yanko guntun tiyo aka ɗaure da roba. Iska ta shiga, tayar ta yi tauri, Zailani ya ce ta isa. Ɗantsoho ya duba ya ga tayar ba ta wuce kaurin babban yatsa ba, ransa ya ɓaci. Ya ce ba zai shiga gari da taya mai kama da marar lafiya ba, a ƙara mata har ta yi kumari. Zailani ya ce haka aka halicce ta. Ɗantsoho ya tambaye shi ko ya taɓa hawa kabon. Zailani ya ce a'a. Ɗantsoho ya ce to ya ƙara.

Ƙarar da ta biyo baya sai da ta sa mai shayin da ke gefe ya zubar da rabin butarsa, awakin unguwa suka watse, wani dattijo da ke gyangyaɗi a benci ya miƙe yana salati. Ɗantsoho ya karkaɗe kunne ya bayyana wa jama'a cewa haka sabon kabon ke yi, sai ya fitar da iskar ƙasar da aka yi shi kafin ya karɓi ta Daura. Aka sa robar ciki ta ajiya, wannan karon bai ce a ƙara ba.

Sai gwaji. Ya hau da babbar rigarsa, ya kama ƙaho, kansa ya yi ƙasa, bayansa ya yi sama. A kan kwalta keken ya tafi sumul, har ya zagaya ta wajen rijiyar Kusugu don masu ziyara su gani. Da ya karyo lungunsu ne aka sami matsala, domin lungun rairayi ne zalla, siririyar tayar kuwa ta nutse a ciki kamar wuƙa a tuwo. Ya matsa birki, tsofaffin robobin suka kama kabon suka saki wani kuka irin na akuyar da aka taka wa wutsiya. Hannun rigarsa ya shiga cikin wayoyi. Keken ya tsaya cak, shi kuma bai tsaya ba, sai da ya rungumi zanan gidan Baba Kande, tsohuwar da ke sayar da daddawa a ƙofar gida.

Baba Kande ta janye farantinta ta dube shi.

"Ɗantsoho, tun daga nesa na ga kana ruku'u a kan keke. Ashe sujadar a zanana za ka yi ta."

"Birki nake gwadawa, Baba."

"To ya kama. Sai ka ɗaure mini zanan kafin ka tafi."

Ya ɗaure zanan, ya saɓa keken a kafaɗa ya ƙarasa gida. Duk wanda ya tambaye shi dalili sai ya ce yana nuna musu rashin nauyinsa ne. Daga ranar haka ya riƙa yi, keke ya ɗauke shi a kwalta, shi ya ɗauki keke a lungu, kuma mutanen unguwa suka daina tambayar ko yana gari, kukan birkinsa ya ishe su sanin ya dawo.

Ana gobe kasuwar Dutsi sai ga Sabiru ya zo ganin abin arziki. Ya tsuguna a zaure ya daɗe yana kallo. Can sai ya sa yatsa ya ɗaga wani ɗan marfi a cibiyar wilin gaba, wilin ya zare ya faɗo hannunsa. Ya jinjina shi ya ce lallai babu nauyi, ɓarawo ma ba ya bukatar sifana, ya sa a cikin riga ya wuce. Ya mayar da shi yadda yake, ya yi murmushi, ya yi sallama. Ko da wata manufa ya faɗa, ko kuwa abin da ya gani ya faɗa, Allah kaɗai ya sani.

Maganar ta tsaya wa Ɗantsoho a rai. Kasuwa cike take da hannaye, kuma shi zai shiga cikin raguna ya bar keke a jingine. Ya yi tunanin sarƙa, ya ga sarƙa ta talakan keke ce. Sai ya tuna gadon gidansu. Tun zamanin kakansa, duk wata saniya ko jaki da ya shigo gidan nan sai an yi masa lalas, wato an ɗana masa ƙarfe mai zafi a cinya, shaida ta fito mai yatsu uku da kowa ya sani da ƙafar hankaka. Ɗantsoho yakan bugi ƙirji ya ce abin da ke ɗauke da ƙafar hankaka bai taɓa ɓata ba, ko ya haura iyaka sai an koro shi gida. Ƙarfen yana nan rataye a zaure.

Talatu na tsaka da tuƙa tuwon yamma ya zo ya tura ƙarfen cikin murhunta. Ta tambaye shi ko ya sayi jaki ne ba ta sani ba. Da ta ga ya kwantar da keken a tsakar gida ya taka shi da ƙafa kamar mai kayar da maraƙi, sai ta ajiye muciya.

"Malam, ba ka ce mai shagon ya ce kada wuta ta taɓa shi ba?"

"Abin da ake ƙera jirgin sama da shi? Jirgi da ke wucewa ta gindin rana?"

"Ni dai na ji ka ce danƙo."

"Shi ya ce danƙo. Ni na ce kabon."

Ƙarfe ya yi ja, ya ɗauko ya ɗana a bakin wilin gaba. Wani hayaƙi baƙi ya tashi, da wari irin na tsohon takalmin roba a juji. Ya ɗaga ya ga shaidar ba ta fito sosai ba, sai ya mayar ya danna da ƙarfinsa har ya ji ƙarfen ya ɗan nutsa, abin da ya ɗauka alamar nama mai kyau ce. Na baya ma ya yi masa, amma sau ɗaya, don ƙarfen ya fara hucewa. Maƙwabta suka riƙa leƙowa ta katanga suna tambaya ko gobara ce. Baba Kande ta aiko a ce in gawar taya ake ƙonawa a tausaya wa daddawarta. Tuwon ranar da warin roba aka ci shi, Ɗantsoho kuwa ya fito da keken ƙofar gida ya jingine, yana nuna wa duk mai wucewa yatsu ukun nan da suka fito raɗau.

Ranar kasuwa yana sallame asuba ya shirya. Ya bar babbar riga ya sa 'yar shara, ya cusa ƙafar wando cikin safa, ya ɗora hular kwanon aro a kan hularsa. A bayansa ya goya buhu mai turaku da guduma da ƙullin kanwa, jar igiya kuma a kafaɗa. Talatu ta tuna masa maganar lodi, ya ce ai a bayansa kayan suke, ba a kan keken ba.

Abin da zai ba ka haushi shi ne keken ya yi gudu. Da ya hau kwalta ya miƙe hanyar Dutsi, iskar safiya na kaɗa shi, wilin na wani gurnani mai daɗi, sai ga Ɗantsoho yana wuce amalanke, yana wuce masu jakuna, har wani mai babur da ya yi lodin buhuna ya wuce. Daɗi ya cika shi har ya ji ƙwalla. Tun yana yaro bai ji jikinsa ya yi sauƙi haka ba, kuma a ransa ya yafe wa Anwar. Sau ɗaya wata babbar mota ta gifta, iskarta ta kama faffaɗan bakin wilin ta yi gefe da shi har cikin gonar wani, ya fito da ƙarangiya a safa ya ci gaba. Daga nan ne ya fara jin wani ɗan sauti daga gaba, ƙas, ƙas, duk juyi ɗaya. Ya saurara, ya yanke hukuncin cewa kabon ne ke sabawa da kwalta.

Rana ba ta gama fitowa ba ya hango kara. Ana ta sauke raguna, motar Alhaji Dabo na tsaye a gindin bishiya, Alhaji na zaune a kan tabarma, Sabiru na gefe. Ɗantsoho ya iso a kan lokaci. Da ya sauka nan bakin hanya ya jingine keken ya je ya gaida ubangidansa, da igiya ta kwana a kafaɗarsa, da ni ma ban sami abin ba ku labari ba.

Amma ya ga jama'a sun juyo suna kallo, kuma Ɗantsoho bai taɓa iya barin kallo ya tafi a banza ba. Ya yanke shawarar shiga kara a guje, ya zagaya turaku, ya tsaya cak a gaban tabarmar Alhaji. Ya ƙara wuta. Ya saki hannu ɗaya ya ɗaga jar igiya sama yana kaɗawa. A bakin kara akwai wata 'yar kunya ta busasshiyar laka da ruwan bara ya bari, kowa na tsallake ta ba tare da ya lura ba. Ya gan ta a makare, ya damƙe birki da hannu ɗaya, birki ya kurma ihunsa, ragunan da ke kusa suka zabura. Wilin gaba ya daki kunyar, aka ji ƙarar abu kamar an taka busasshiyar ƙwarya.

Ɗantsoho ya bi ta saman ƙaho. Buhun turaku ya bi ta saman Ɗantsoho. Ya sauka da ƙirji a cikin komin dusa na wani Bafillace, dusa ta tashi ta rufe shi, raguna suka tsinke igiyoyi suka bazu cikin kasuwa, masu su na bin su suna kiran sunan Allah. Wani tsohon mahauci da ya ji faɗuwa da hayaniya ya keto taro da wuƙa a hannu, yana tambaya wanne ne ya faɗi a yanka kafin ya yi mushe. Da aka nuna masa ƙafafu biyu masu safa suna motsi a cikin komi, ya mayar da wuƙarsa kube cikin ɓacin rai.

Aka ciro shi, fari fat da dusa, babu abin da ya karye sai hular aro. Bai gama tofar da dusar ba ya fara magana. Ya ce Bakanon nan macuci ne, jabu ya sayar masa, shi tun a shagon ya ga alamar rashin gaskiya a idonsa, kuma gobe zai koma da hukuma. Ya rantse wilin da ciwonsa ya zo tun daga kamfani. Wasu har sun fara gyaɗa kai.

Alhaji Dabo ya taso daga tabarma ya zo inda keken ke kwance. Wilin gaba ya rabe, bakinsa ya buɗe, baƙin zare ya fito buzu-buzu. Alhaji ya sunkuya ya haɗa ɓangarorin biyu, ya juya su ga jama'a. Yatsa ɗaya da rabi na wannan gefe, ɗaya da rabi na wancan. Tsagar ta bi ta tsakiyar ƙafar hankaka, daidai inda ƙarfe ya nutsa.

"Wannan ma daga kamfanin ta zo?"

Babu dillalin da ke wurin da bai san shaidar ba, kuma rabinsu Ɗantsoho da kansa ya nuna musu ita jiya a ƙofar gida. Ɗantsoho ya dubi tsagar. Kunya ta kama shi har cikin ƙashi, ya tuna rumbun gidansa, ya tuna fuskar Talatu lokacin da ta ajiye muciya. Alhaji yana jira, jama'a ma suna jira. Ɗantsoho ya sunkuya ya tsinci jar igiyar daga ƙasa, ya karkaɗe mata dusa, ya naɗe ta da kyau yadda ya saba, ya miƙa wa Sabiru da hannu biyu. Sabiru ya karɓa, kuma wannan karon bai yi murmushi ba.

Kasuwa ta ci gaba da ci. Aka kamo raguna, Ɗantsoho ya ba Bafillace haƙurin dusarsa, ya ja gawar keken ya jingine a bishiya ya zauna kusa da ita. Wajen hantsi Sabiru ya zo ya tsaya a kansa da gwangwanin shuɗin fenti da ɗan tsinke. Ya ce ragunan da ya saya sun yi yawa, yana bukatar wanda zai riƙa sa musu lambar Alhaji a gadon baya kafin a loda, kuma akwai ɗan abin hasafi a ciki. Ɗantsoho ya dubi gwangwanin ya dubi Alhaji. Alhaji ya ɗaga kai daga tabarma.

"A ba shi. Hannunsa na kama shaida, mun gani. Fenti kawai dai, Sabiru. Kada wanda ya ara masa ko ashana."

Ɗantsoho ya karɓi gwangwani ya shiga cikin raguna. Ya kama na farko ya ja masa layi, ya ja da baya ya duba, ya ga layin ya miƙe. Ya waiga, babu mai kallonsa, kowa na wajen mai jar igiya. Sai ya sunkuya ya gaya wa ragon a kunne cewa ya yi sa'a, domin daga Daura har bakin iyaka babu mai hannun fenti irin nasa. Ragon ya ci gaba da tuƙarsa.